Daga faifai zuwa fayil: yadda ake matse bidiyo hoto bai lalace ba

A gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da sauran unguwannin Zango na Kumasi akwai akwati ko jakar leda cike da fayafayai. Ga bikin auren da aka yi shekara goma sha biyar da suka wuce, ga sunan jaririn da yanzu ya shiga sakandare, ga maulidi, ga tafsirin watan azumi na malaman da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Na'urar kunna su ta mutu ko ta fara ƙin karɓa, sababbin laftof kuma ba sa zuwa da wurin saka faifai. Shi ya sa ake ta kai su shagunan kwamfuta a Adum da kewayen Kejetia a ce a juye a filash. Abin da ake dawowa da shi sau da yawa bai kai na faifan ba. Fuskoki sun yi tsawo, hannun da ya motsa ya fito da haƙora kamar matsefi, zanen shadda ya narke, murya ta riga baki. Sai a ce ai matsewa ce ta jawo. Mafi yawan lokuta ba ita ba ce, kurakurai ne aka yi kafin a kai gare ta.

Bidiyon da ke kan DVD an riga an matse shi tun ranar da aka buga faifan, da tsarin da ake kira MPEG-2. Duk wata matsewa ta biyu, ko da wace manhaja aka yi ta, sai ta zubar da wani abu. Hanya ɗaya ce tak ba ta rage komai: a kwashe bayanan yadda suke a zuba su a sabon mazubi, ba a taɓa hoton ba, fayil ɗin kuma ya fito da nauyin faifan. Idan aka ce an matse ba a yi asarar inganci ba, abin nufi shi ne an zubar da abin da ido ba ya gani. Wannan kuwa yana yiwuwa ƙwarai, domin tsarin H.264 da ya fito a 2003 ya fi MPEG-2 iya tattali nesa ba kusa ba. Saboda haka aikin kashi biyu ne, kuma kada a haɗa su. Da farko a fitar da uwar kwafi, wadda take daidai da faifan, a ajiye. Daga jikinta ne za a fitar da kwafin kallo mai sauƙin nauyi. Wanda ya matse kai tsaye daga faifai, ya jefar da faifan, ranar da ya gano kuskure ba shi da wurin komawa.

Fara sanin abin da ke hannunka

Ba duk faifai mai sheƙi ba ne DVD. Saka shi a kwamfuta ka buɗe shi kamar folda. Idan ka ga folda mai suna MPEGAV da fayil irin AVSEQ01.DAT, VCD ne. Tsarinsa ya fito a 1993, hotonsa ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, yana tafiya da kilobit 1,150 a daƙiƙa, wato kimanin megabayit 10 a kowane minti har da sauti. Shawararmu a kan VCD gajeriya ce: kada ka matse shi. Fayil ɗin awa ɗaya bai wuce megabayit 620 ba, hoton kuma dama da ƙyar yake tsaye. Sake matse shi ba ya rage nauyin kirki, sai dai ya ƙara ɓata abin da ya rage. A fitar da shi a matsayin fayil na MPG da manhajar IsoBuster ko vcdxrip, a kalle shi da VLC, wadda ke aiki a waya da kwamfuta.

Idan kuwa ka ga folda VIDEO_TS, DVD ne. A ciki akwai fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne bidiyon da sautin, an yanka su gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce gigabayit 1 ba. Masu ƙarewa da IFO su ne taswirar da ke faɗa wa na'ura inda kowane babi ya fara da yadda siffar hoton take. Masu ƙarewa da BUP kwafin taswirar ne don ko ta lalace. Faifai mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, mai hawa biyu 8.5. Iyakar abin da tsarin ya yarda wa hoto shi ne megabit 9.8 a daƙiƙa, amma bidiyon awa biyu a faifai mai hawa ɗaya yana samun kusan megabit 5 ne kawai.

Wannan lissafin yana da amfani wajen fayafayan kasuwa da ake cusa wa finafinai rututu. Idan aka zuba awa goma a gigabayit 4.7, kowace daƙiƙa tana samun kusan kilobit 1,000, hoto da sauti gaba ɗaya. Wato sunansa DVD, amma ingancinsa bai kai na VCD mai kyau ba. Babu manhajar da za ta dawo da abin da aka zubar tun wajen bugawa. Garin da aka niƙa ba ya komawa hatsi.

Sai kuma batun tsarin talabijin. Fayafayan Gana suna kan tsarin PAL, mai ɗigo 720 da 576 da hoto 25 a daƙiƙa, haka ma na Najeriya da Ingila da Jamus. Faifan da 'yan'uwa suka aiko daga Amurka yana kan NTSC, ɗigo 720 da 480, hoto 29.97 a daƙiƙa. Manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, za ta nuna maka wannan da sauran bayanan cikin daƙiƙa kaɗan. Ka rubuta su a takarda kafin ka ci gaba, domin duk saitin da za ka yi nan gaba a kansu zai dogara.

Fitar da uwar kwafi

Fayafayan biki da masu ɗaukar bidiyo suka ƙona a shago ba irin na kamfani ba ne. Ka juya ƙasansa, za ka ga launin shunayya maimakon fari mai kama da azurfa. Wannan launin rini ne, a cikinsa bayanan suke, kuma zafi da hasken rana da danshi suna cin sa sannu a hankali. Garin da damina ke yi masa zuwa biyu a shekara irin Kumasi ba wurin da faifai irin wannan zai daɗe a cikin leda ba ne. Lalacewar takan fara daga gefen waje, inda ƙarshen bidiyon yake, shi ya sa ake yawan jin cewa faifai yana farawa lafiya sai ya maƙale kusa da ƙarshe.

A wanke faifan da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa waje, a miƙe. Kada a goge a zagaye. Bayanan a zagaye suke kwance, saboda haka ƙarzuwar da ta bi zagayen tana shafe dogon layi a jere, wadda ta gitta kuwa na'ura tana iya cike gurbinta. Ga VCD a kula da saman faifan, wajen rubutu, domin a faifan CD bayanan suna dab da wannan fuskar, kuma ƙarzuwa a nan ba ta da magani. A DVD bayanan suna tsakiyar roba biyu, kowace kaurin milimita 0.6, don haka ya fi juriya.

Faifai mai lafiya ba ya ba da wahala. Manhajar MakeMKV tana karanta taswirar IFO, ta haɗa gunduwoyin VOB, ta fitar da fayil ɗaya na MKV da duk sautuka da babuka, ba ta sake matse ko ɗigo ɗaya ba. Abu ɗaya za a kula: a saitinta na asali tana tsallake duk wani yanki da bai kai daƙiƙa 120 ba. Fayafayan biki sukan ƙunshi gajerun yankuna, kamar addu'ar buɗewa ko jerin hotuna, don haka a rage wannan adadin kafin a fara. Wanda ke son ya adana har da allon zaɓi na faifan, ya kwafe foldar VIDEO_TS gaba ɗaya ko ya yi fayil na ISO, wato kwafin faifan dukansa a fayil ɗaya.

Abin da ba ma so shi ne a ɗauki VOB ɗaya-ɗaya a jefa cikin manhajar juyi, sannan a liƙa su daga baya. Yankan da aka yi musu bai damu da inda hoto ko magana ta tsaya ba, a daidai gigabayit 1 kawai aka datse. A kowace mahaɗa sai an samu tsalle, kuma daga nan ne murya ke fara barin baki.

Faifan da ya fara mutuwa yana buƙatar haƙuri da kayan aiki dabam. Kwafi na yau da kullum yana tsayawa a kuskuren farko. A kwamfuta mai Linux, manhajar ddrescue tana kwashe duk wuraren da ke karantuwa tukuna, ta rubuta taswirar wuraren da suka ƙi, sannan ta dawo kansu. Zagaye na farko:

ddrescue -b 2048 -n /dev/sr0 faifai.iso taswira.log

A zagaye na biyu sai a cire -n a sa -r3, don ta gwada kowane wuri mai matsala sau uku. Amfanin taswirar shi ne za ka iya cire faifan ka kai shi wata na'urar karatu ka ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin na'urori sun bambanta, abin da ɗaya ta kasa karantawa wata takan karanta. A Windows, IsoBuster tana yin irin wannan aiki. Ita ce kuma abin gwadawa idan faifan da aka ɗauka da kyamara ko rakodar DVD ya nuna kamar babu komai a cikinsa. Yawanci ba a rufe faifan ba ne bayan ɗauka, bayanan suna nan, taswirar ce ba a rubuta ba. Kada a yarda kwamfuta ta yi masa fomat ko da ta nemi haka.

Fayafayan kamfani na asali suna zuwa da makulli da lambar yanki. Gana tana yanki na 5, Turai na 2, Amurka na 1, kuma na'urar karatu ta kwamfuta sau biyar kawai take yarda a sauya mata yanki kafin ta kafe a na ƙarshe. Haƙƙin mallaka a ƙasar nan yana ƙarƙashin dokar 2005 mai lamba 690. Bidiyon gidanku naku ne. Fim ɗin da wasu suka zuba dukiya da gumi suka shirya kuwa, juye shi a filash ana sayarwa cin haƙƙi ne, kuma wannan bayanin ba don haka aka yi shi ba.

Inda hoto ke lalacewa tun kafin matsewa

Manhajar da za mu yi magana a kanta ita ce HandBrake. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma a sauke ta daga shafinta na ainihi kawai. Ka buɗe uwar kwafin a cikinta, ba faifan ba.

Abu na farko siffa. Ɗigon DVD ba murabba'i ba ne. Hoto mai ɗigo 720 da 576 ana miƙa shi lokacin kallo ya zama 768 da 576 idan na tsohuwar talabijin ne mai siffar 4:3, ko 1024 da 576 idan mai faɗi ne na 16:9. Alama ce a cikin fayil take faɗa wa na'ura wanne za ta yi. Idan manhaja ta yi watsi da alamar, amarya ta fito siririya kamar sanda. A shafin Dimensions a bar Anamorphic a kan Automatic, sannan a duba da ido: nemi abu mai zagaye a cikin bidiyon, tayar mota ko faranti ko agogon bango, ka ga ko da'ira ce. Wasu masu ɗaukar biki sun yi ɗauka da faɗi amma suka ƙona faifan da alamar 4:3, a nan sai an gyara da hannu. A duba yankan gefe ma. HandBrake tana yanke baƙin gefe da kanta, kuma a bidiyon dare takan ɗauki duhu a matsayin gefe ta cinye wani ɓangare na hoton ko rubutun ƙasa. Idan ka ga lambobin yankan sun yi yawa, mayar da su sifili.

Kada a ƙara girma. Mayar da 576 zuwa 1080 ba ya ƙara ko zare ɗaya a hoton, nauyi kawai yake ƙarawa. Talabijin ɗinka tana yin wannan faɗaɗawar da kanta lokacin kallo. Akwai ma wata illa: launukan DVD suna bin ma'aunin BT.601, na manyan hotuna kuma BT.709. Manhajar da ta faɗaɗa hoto ba ta daidaita wannan ba, sai ja da kore su ɗan kauce, launin fata ya canza.

Abu na biyu, saƙar hoto, shi ne mafi muhimmanci, kuma a nan ne mafi yawan aikin da ake yi a shaguna yake faɗuwa. Kyamarorin bidiyo na wancan lokaci ba sa ɗaukar cikakken hoto 25 a daƙiƙa. Suna ɗaukar rabin hoto 50 ne. Rabi na farko yana ɗauke da layi na ɗaya, na uku, na biyar, har ƙasa. Rabi na biyu yana ɗauke da na biyu, na huɗu, na shida, kuma an ɗauke shi ne bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Sai a saƙa su wuri ɗaya. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna su bi da bi, ido bai ga komai ba. Allon waya da kwamfuta kuwa yana nuna duka a lokaci guda, don haka duk abin da ya motsa tsakanin rabin biyu sai gefensa ya fito da haƙoran matsefi. Idan aka matse hoton a haka, haƙoran sun zauna ke nan, kuma suna cinye bayanan da ya kamata a kashe a kan fuska. Idan aka rage ko aka ƙara girman hoton kafin a warware saƙar, abin ya fi muni, domin layukan sun cakuɗe yadda ba za su sake rabuwa ba.

Hanyar warwarewa biyu ce. Ta farko tana haɗa rabi biyu ta ba da hoto 25 a daƙiƙa. Haƙoran sun tafi, amma rabin motsin ya tafi tare da su, sai ka ga rawa ko kilisar doki tana ɗan tsalle-tsalle. Ta biyu tana mayar da kowane rabi cikakken hoto, a samu 50 a daƙiƙa, motsi ya fito sumul kamar yadda aka saba gani a talabijin. Ga duk abin da aka ɗauka da kyamarar bidiyo, biki ne ko wa'azi ko wasan ƙwallo, ta biyun muke zaɓa. A shafin Filters a sa Deinterlace a kan Bwdif ko Yadif, a zaɓi Bob, a kashe Interlace Detection, sannan a shafin Video a sa gudun hoto 50 da hannu tare da Constant Framerate. Wannan na ƙarshen kada a manta shi. Saitin da manhajar ke buɗewa da shi yana da rufin hoto 30 a daƙiƙa, kuma idan aka bar shi zai zubar da 20 daga cikin 50 ɗin ba bisa tsari ba. Nauyin fayil yana ƙaruwa da wannan hanya, amma ba ya ninkawa, domin hotunan da ke kusa da juna sun yi kama sosai. Ga faifan NTSC adadin 59.94 ne.

Fim ɗin da aka ɗauka da kyamarar silima dabam yake. A faifan PAL yawanci cikakkun hotuna ne 25, ko da MediaInfo ta ce saƙaƙƙe ne, domin alamar kawai take karantawa, ba hoton ba. Warware abin da ba a saƙa ba yana dusashe shi a banza. Hujja ita ce ido: buɗe uwar kwafin a VLC, kashe warware saƙa, tsayar da hoto a wurin da ake motsi da sauri. In babu haƙora, a kashe Deinterlace. A faifan NTSC na fim za ka ga tsari mai maimaituwa, hoto uku masu tsabta, biyu masu haƙora. Maganin wannan shi ne Detelecine, a mayar da gudun 23.976.

Matsewar kanta

A shafin Video zaɓi H.264 na x264. Akwai H.265 na 2013 da AV1 na 2018, kuma sun fi tattali, amma fifikonsu a manyan hotuna yake bayyana. A ƙaramin hoton DVD ribar kaɗan ce, ga cin lokaci, ga tsofaffin talabijin da dikodoji masu ramin filash da ba sa karɓarsu. Fayil ɗin da za a kai wa Hajiya ta kalla a falo, H.264 na yau da kullum mai bit 8 shi ne ba ya ba da kunya. Haka kuma a guji zaɓuɓɓukan da ke ɗauke da NVENC ko QSV. Suna amfani da katin hoto, suna gamawa da wuri, amma a nauyi iri ɗaya hotonsu bai kai na x264 ba.

Kada ka faɗa wa manhajar nauyin da kake so. Faɗa mata ingancin da kake so, ita ta nemo nauyin. Wannan shi ne Constant Quality, ma'auninsa RF, daga 0 zuwa 51. Ƙaramar lamba ita ce inganci mai yawa. Masu manhajar sun ba da shawarar 18 zuwa 22 ga DVD, 20 zuwa 24 ga Blu-ray mai 1080. Ƙa'idar da ke taimakawa ita ce, duk ragin lamba 6 yana kusan ninka nauyin fayil, duk ƙarin 6 yana kusan raba shi biyu. Ga abin tarihi na gida, 18 ko 19. Ga kwafin waya, 21 ko 22. Sauka ƙasa da 16 ɓarnar wuri ce, sifili kuwa zai ba ka fayil da ya fi faifan nauyi sau da yawa, wanda na'urori da dama ba za su kunna ba.

Hikimar wannan hanya ita ce kowane yanki yana samun gwargwadon buƙatarsa. Malami zaune yana karatu, kyamara a kafe, bayanai kaɗan sun ishe shi. Filin rawa, kyamara a kafaɗa, ana liƙi, fitilu na walƙiya, yana buƙatar ninkin wancan. Shi ya sa fayafayai biyu masu tsawo ɗaya za su ba da nauyi mabambanci a RF ɗaya, kuma hakan daidai ne. Don kintace: a tara kilobit na hoto da na sauti, a ninka da yawan daƙiƙoƙi, a raba da 8,000, a samu megabayit. Bidiyon awa biyu da ya tsaya a kilobit 1,500 da sauti 160 zai kai kusan gigabayit 1.5, wato kashi ɗaya cikin uku na faifan.

Encoder Preset a sa shi a Slow. Wannan ba ya canza ingancin da ka nema sosai, lokaci yake ba manhajar ta nemo hanya mafi tattali. Wuce Slower ba ya biyan wahalarsa.

Bidiyon dare yana zuwa da yashi-yashi a hoto, kuma yashin yana cin wuri. Akwai matatar NLMeans a shafin Filters, amma a tsaya a Ultralight ko Light. Matata ba ta bambance yashi da zaren yadi, kuma a kan fata mai duhu a wuri mai ƙarancin haske takan share fuska ta koma kamar roba. Fayil mai ɗan nauyi ya fi fuskar da 'ya'yanta ba za su gane ta ba.

Kafin a saki aikin awa biyu, a gwada minti ɗaya. A wajen Range a zaɓi daƙiƙoƙi, a ɗauki wuri mafi wahala, ba farkon bidiyon ba. Wuraren da matsewa ke fara tona kanta sanannu ne: bango mai duhu inda launi ke rabuwa hawa-hawa, hayaƙin turare, ƙura, zanen kente da aikin wuyan babbar riga, ƙunshin amarya, gefen rubutu. A kunna gwajin da uwar kwafin ɗaya bayan ɗaya a allon da za a riƙa kallo, daga inda ake zama. In an ga bambanci a rage RF da 1 ko 2 a sake.

Sauti ba ya buƙatar dogon bayani. Idan tsarin sautin faifan AC3 ne, a zaɓi AC3 Passthru, a kwashe shi yadda yake, tunda bai wuce kilobit 448 ba kuma a fayafayan biki yakan yi ƙasa da haka sosai. Idan PCM ne, wanda ke cin kilobit 1,536, kusan megabayit 690 a awa, a mayar da shi AAC mai kilobit 160 ko 192. Wasu wayoyi ba sa kunna AC3 da manhajarsu ta asali, don haka kwafin waya a yi masa AAC. Ga karatun Alƙur'ani da waƙoƙin bege kada a yi rowar kilobit, domin sauti shi ne abin da aka zo nema.

Mazubi, wuta da ajiya

MP4 kowace na'ura tana karɓa. MKV kuma ya fi ɗaukar kaya: sautuka da yawa, rubutun fassara irin na DVD, babuka. Akwai wani bambanci da ya shafe mu a nan. MP4 yana rubuta taswirarsa ne a ƙarshen aiki, don haka idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ya faɗo ana tsaka da matsewa, fayil ɗin gaba ɗaya ba zai buɗu ba. MKV yakan kunna har inda aka tsaya. Ko ta yaya dai sai an sake aikin, shi ya sa laftof mai batir mai kyau ko kwamfuta mai UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ta fi dacewa. Matsewa tana sa kwamfuta aiki iya ƙarfinta na tsawon lokaci. A ɗora laftof a kan tebur, ba katifa ko darduma ba, a busa ƙurar harmatan daga fankarsa, in ba haka ba zai rage gudu don zafi ko ya mutu da kansa.

Filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, ko da akwai wuri. Uwar kwafi takan wuce haka, don haka a mayar da ma'ajiyar exFAT ko NTFS, bayan an tabbatar talabijin ɗin tana karanta su. Akwai kuma filash na jabu a kasuwa, wanda ke nuna girman da ba shi da shi. Yana karɓar fayil kamar lafiya, sai an zo kunnawa a tarar da fanko. Manhajar H2testw tana cika filash ɗin ta karanta shi ta faɗi girmansa na gaskiya. A yi wannan gwajin kafin a ɗora masa abin da ba shi da madadi. Filash ma dai ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Uwar kwafi ta zauna a babbar ma'ajiya ta waje guda biyu, ɗaya a wani gida dabam, a riƙa kunna su lokaci-lokaci ana dubawa. Faifan kansa a mayar da shi kwalinsa, a tsaye, a wuri mai sanyi da duhu.

Sunan fayil ya ɗauki shekara da wata da abin da ke ciki, da alamar uwa ce ko kwafin kallo, domin bayan shekara biyar ba wanda zai tuna me ke cikin fayil mai suna title00.

Wajen aikawa 'yan'uwa a Accra ko Hambog ko Niyok, a sani cewa WhatsApp da Facebook da YouTube duk suna sake matse bidiyon da aka ɗora musu, wato matsewa ta uku ke nan. A WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, ta wurin Document, ba ta wurin hotuna ba. Ta nan yana karɓar fayil har gigabayit 2 kuma yana isar da shi yadda yake. Idan ya fi haka nauyi, a raba shi ta babuka da manhajar MKVToolNix, wadda ke yanka ba tare da ta sake matsewa ba.